Kafin ku goya famfon feshi, ku fasa kankana ɗaya ku gani

Ƙannena da kuka shiga noman rani a bakin Binuwai, daga Lagdo har Garwa, kankana da kokwamba da kabewa dangi ɗaya ne, ciwonsu ma kusan ɗaya, kuma ba kowane ciwo ke jin feshi ba. Ni da kuɗina na sayi wannan karatu.

Farkon kankanata, 'ya'yan na kai girman ƙwai sai su lanƙwashe, su ruɓe ta gefe guda. Na karɓo ragowar maganin auduga wajen maƙwabci (da yawanmu haka muke yi, kada wanda ya musa), na dinga feshi da hantsi. Ruɓa ba ta tsaya ba, 'ya'yan ma sai raguwa suke.

Wani dattijo ne ya tsinko ɗaya ya yanka a gabana. A ɓawo ɗan ɗigo ne kawai da ruwa ya bushe a kai, ciki kuwa fararen tsutsotsi na ta mutsu-mutsu. Ya ce, "Yaro, maganinka na waje, ɓarawo na ciki."

Wani ƙuda ne. Macen ke huda ɗan tun yana ɗanye ta zuba ƙwai ƙarƙashin ɓawo, inda feshi ba ya kaiwa. Tsutsa ta ci ta ƙoshi, ta faɗo ta shige ƙasa, ta fito sabon ƙuda. Ashe ruɓaɓɓun da nake watsarwa a bakin kunya su ne gidan rainonsu. Ku riƙa tsince su kullum, ku binne a rami mai zurfin rabin mita, ko ku ɗaure a baƙar leda ku bar wa rana.

Raguwar 'ya'ya kuwa aikin feshin hantsi ce. A wannan dangi furen namiji daban, na mace daban, ita ce mai ɗan ƙullutu a gindi. Yini ɗaya take buɗewa, da safe, kuma ƙudan zuma ke kai mata garin namiji. Su ne na yi ta kashewa. In feshi ya zama dole, ku bari sai la'asar sakaliya, fure ya rufe.

Da hunturu za ku ga ganye ya yi fari kamar an barbaɗa toka. Fumfuna ce, maganin ƙwari bai san da zamanta ba. Maganin farar wuta na yi mata, amma ban da zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke kai digiri 40, don ƙone ganye zai yi.

Maganin auduga kuma ku bar wa auduga. Kokwamba ɗanye ake ci, kuma duk bayan kwana biyu ko uku ake tsinka, ba ta jiran guba ta sake ta.