Kafin ka amsa shiga kwamitin lambun haya a Ingila

Duk wanda ya samu fuloti a lambun haya na unguwa a Ingila, aka kuma ga yana zuwa a kai a kai, ba a daɗewa wani zai same shi yana tsaka da cire ciyawa ya tambaye shi ko zai shigo kwamiti. 'Yan uwa da suka kama fuloti a Landan ko Birmingham don alayyahu da tumatir, ku kwana da shirin wannan tambaya. Aikin sa kai ne, ba a biyan ko kwabo, kuma noman da ke cikinsa kaɗan ne. Yawancinsa takardu ne, da ruwa, da rarrashin mutane.

Abu na farko da za ka nema shi ne takardar yarjejeniyar da ke tsakanin ƙungiya da mai filin, wanda galibi ƙaramar hukuma ce. A wasu wuraren hukuma ke karɓar haya da korar mai laifi, kwamiti ido ne kawai. A wasu kuwa an ba ƙungiya hayar filin gaba ɗaya, komai yana wuyanta. Idan irin na biyun ne, tambayi ko ƙungiyar tana da rajista a matsayin kamfani ko ƙungiyar haɗin kai. Idan babu, doka ba ta san ta a matsayin mai zaman kanta ba, saboda haka bashi ko ƙara na iya faɗowa kan waɗanda suka sa hannu. Shi ya sa inshorar rauni da ɓarnar da ka iya samun jama'a ba abin wasa ba ce. Duba ranar da inshorar za ta ƙare da idonka. Ƙungiyoyi da dama suna yin rajista da National Allotment Society, ƙungiyar masu lambun haya ta ƙasa, don samun shawarar lauya da samfurin takardun haya.

Dokokin da ya kamata ka riƙe ba su da yawa. Dokar lambunan haya ta 1922 ta ce lambun na noman kayan lambu da 'ya'yan itatuwa ne don cin mai fulotin da iyalinsa, don haka wanda ya mayar da nasa wurin kasuwanci ya karya ƙa'ida. Wanda bai yi laifi ba, galibi ba a tashinsa sai da sanarwar wata 12, kuma wa'adin ba zai cika tsakanin 6 ga Afrilu da 29 ga Satumba ba, don kada a raba mutum da amfaninsa yana tsaye. A filin hukuma, dokar 1908 ta yarda a ba da sanarwar wata 1 ga wanda bashin hayarsa ya kai kwana 40 ko ya ƙi bin ƙa'idoji. Ta 1950 kuma ta halatta kiwon kaji mata da zomaye, muddin ba don kasuwa ba kuma ba su dami kowa ba. Zakara ba ya ciki.

Muƙamin da ya fi nauyi na sakatare ne, ba na shugaba ba. Shi ke riƙe da jerin masu jira, kuma nan ne zargin son kai ke fara tsira. A rubuta ranar da kowa ya nema, a bi layi, babu tsallake ko ga ɗan'uwan shugaba. Sau ɗaya a shekara a aika wa duk masu jira saƙo su tabbatar suna nan, wanda bai amsa ba cikin wa'adin da aka sa a cire shi. Sunaye da lambobin waya kada su bi gari a WhatsApp, dokar kare bayanan mutane ta shafi ƙananan ƙungiyoyi ma. Ma'aji kuwa buƙatarsa asusun banki da sunan ƙungiya, mai sa hannun mutum biyu, da wani daga wajen kwamiti da zai duba lissafi kafin taron shekara.

Inda zumunci ke ɓaci shi ne kan fulotin da aka bari ya zama kango. Cikakken fuloti na gargajiya kusan murabba'in mita 250 ne, ya fi ƙarfin mai aikin ofis da ke zuwa ranar Asabar kawai. A watan Mayu da Yuni, mako 4 na rashin zuwa ya isa ciyawa ta yi iri ta watsu wa maƙwabta, masu saiwa a ƙarƙashin ƙasa kuma su ratsa iyaka. Maƙwabta za su kawo ƙara, masu jira suna leƙowa ta shinge suna ganin fili a banza. Kwamitin da ba shi da tsari a rubuce ko dai ya yi shiru shekara biyu, ko ya fusata ya kori mutum rana ɗaya, duka biyun kuma rigima suke haifarwa.

Tsarin da ke aiki shi ne a sanar da ranakun zagayen dubawa tun farkon shekara, kamar sau 3 tsakanin Afrilu da Satumba. Mutum biyu ke zagayawa, ba ɗaya ba, su ɗauki hoto mai kwanan wata. Yarjejeniyoyi da yawa suna neman a nome kashi 75 cikin 100 na fuloti, sai a auna da wannan, ba da kyan gani ba. Matakin farko magana ce ta baki, domin sau da yawa rashin lafiya ne ko rasuwa ko haihuwa, kuma mai irin wannan uzuri taimakon rufe filinsa da kwali ko leda yake buƙata, ba wasiƙa ba. In ba uzuri, sai takardar gargaɗi mai wa'adin kwana 28 da ta faɗi takamaimai abin da za a gyara. Bayan ta sai sanarwar tashi, tare da damar ɗaukaka ƙara gaban waɗanda ba su yi zagayen ba. A ganina, kafin a kai nan a yi wa mutum tayin rabin fuloti. Da yawa za su karɓa da murna, kuma an rage mutum ɗaya a layi. Fulotin ɗan kwamiti ma a duba shi, a gaban kowa.

Fulotin da aka ƙwato kada a miƙa wa sabon shiga yadda yake. A sare ciyawar, a rufe da kwali ko baƙar leda mai kauri, a kwashe tsofaffin tayoyi, kafet da fasassun gilasai. Idan rufin tsohuwar rumfa ya yi kama da asbestos, wani tsohon kayan rufi da ƙurarsa ke cutar da huhu, kada kowa ya fasa ko ya huda shi, a kira hukuma.

Sai ruwa, wanda a filin da ke da mita yakan zama babban kashe kuɗi. A karanta mita duk wata a rubuta. Don gano yoyo, a rufe duk famfuna da yamma a ɗauki lamba, a sake dubawa da sassafe. In ta motsa, bututu ya fashe a ƙasa. Yoyon lita 1 a minti lita 1,440 ne a rana, sama da lita 43,000 a wata, kuma mai yiwuwa ba za ka ga ko danshi a saman ƙasa ba. Kafin sanyi ya kankama, wajen ƙarshen Oktoba, a rufe babban famfo a buɗe ƙananan su tsiyaye, don ruwan da ya daskare a bututu shi ke tsaga shi. Kowane famfo yana buƙatar abin hana ruwa komawa baya, kuma kada a bar bakin tiyo nutse cikin kwami. A ƙarfafa wa mutane tara ruwan sama: milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce, don haka rufin rumfa mai murabba'in mita 4 a Landan, inda ake samun kusan milimita 600 a shekara, zai ba da wajen lita 2,400.

Idan kwamiti ke sayo takin dawaki ko na shanu wa kowa, a gwada shi tukuna. Maganin ciyawa mai suna aminopyralid yana bin ciyawar da dabba ta ci ya fito a kashinta, ya kuma lalata lambuna da yawa a 2008. Gwajin mai sauƙi ne: a shuka wake a tukwane masu takin da marasa shi, a jira mako 3. In sababbin ganyen masu takin sun nannaɗe sun ƙanƙance, a mayar da lodin. Haka nan a tuna wa tsofaffin mambobi cewa an haramta maganin dodon koɗi mai metaldehyde tun Afrilun 2022, kuma daga Oktoban 2024 ko kaza ɗaya gare ka sai ka yi mata rajista da gwamnati.

Makullin ƙofa ma aikin kwamiti ne. A karɓi kuɗin ajiya kan kowane ɗan makulli, a mayar wa mutum ranar da ya dawo da shi. Idan kwaɗo mai lamba ake amfani da shi, a sauya lambar bayan karɓar hayar kowace shekara, a ba waɗanda suka biya kawai.