Muryar 'yata a watan Satumba

Jiya bayan isha'i na buɗe jakar Google Drive, wato ma'ajiyar hotuna da muryoyi a intanet, da malamar aji 2 ta ware wa 'yata. Tun farkon zango take zuba aikin yara, kowa da jakarsa, iyayensa kaɗai ke iya shiga. Gaskiya da aka fara tsaki na yi, na ce an samo wata hanyar cinye mana data.

Na kunna muryar da aka naɗa a Satumba. Yarinya na son karanta "ɓarawo", ta cije a kan ɓ ɗin kamar ta taka ƙaya. Na kunna ta Nuwamba: layi huɗu ta zubo ba tuntuɓe, har da 'yar dariya a ƙarshe. Sau uku na maimaita. Katin sakamako bai taɓa gaya min wannan ba, shi dai "ta 14 a aji".

Hoton littafin lissafinta kuwa ya tona asiri, har yanzu 3 ɗinta baya take kallo.

Babanta yana Legas, ya saurara ya bugo: "Maman Ummi, yaushe ta iya haka?"

Maƙwabciyata ƙaramar waya gare ta. Gobe za ta shigo mu roƙi malama ta turo na ɗanta ta wayata.