Kafin ka nemi suna da gardama

Ɗan ƙanwata, wanda ko jami'a bai gama ba, ya nuna mini bidiyon da ya shirya domin ya tozarta wani malaminsa a bainar jama'a, yana cewa ai ta hanyar gardama Jordan Peterson ya yi suna. Gabana ya faɗi, domin wannan tunanin ne ya ɓatar da ni.

Ni ma na ga yadda wannan farfesa na ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Toronto ya shahara a 2016, bayan ya saki bidiyoyi a YouTube yana sukar ƙudirin dokar C-16 na Kanada, wanda ya shafi hana nuna wa mutum wariya saboda jinsin da ya ce shi ne nasa, sannan hirarsa da 'yar jarida Cathy Newman a tashar Channel 4 ta Birtaniya a Janairun 2018 ta kai sunansa ko'ina. Abin da na ƙi dubawa shi ne ya koyar a Harvard daga 1993 zuwa 1998, kuma ya shafe shekara 13 yana rubuta littafinsa na farko, wanda ya fito a 1999. Na ɗauki zafin bakin, na bar karatun. Na shiga yi wa masana raddi a kan abin da na karanta sama-sama, mabiya suka yi ta ƙaruwa, kuma duk ranar da ban taɓo wani ba sai kasuwata ta yi sanyi. Na ci mutuncin dattijon da ya koya mini rubutu, har ya rasu ban nemi gafararsa ba. Duk da haka, wasu da na soka sun cancanci suka, kuma da na yi shiru babu mai faɗa. Amma na sani, daɗin tafi ya fi son gaskiya ƙarfi a zuciyata.

Shawarata ba ta da yawa. Kada ku soki mutum sai kun karanta aikinsa daga bango zuwa bango. Ku kame bakinku har iliminku ya nuna, ko da yake wanda ya ga ɓarna ya yi shiru matsoraci ne, kuma ba na so ku zama matsorata. Shi kansa Peterson bai tsira ba, domin hukumar masana halayyar ɗan Adam ta lardin Ontario na Kanada ta umarce shi da ya karɓi horo kan kalamansa a intanet, kotu kuma ta tabbatar da umarnin a 2023. To ina ga ku, yaran yanzu, da ba ku iya zama ku karanta shafi goma ba tare da kun duba waya ba, amma kowannenku yana so a kira shi masani?