Yadda nake raba tafki da kainuwa ba tare da kifi ya mutu ba

Ana cewa kainuwa dashen Allah, kuma gaskiya ne, don ba mai shuka ta. Ɗan guntu ɗaya da ya maƙale a jikin koma ko ƙasan kwale-kwale ya isa. Iri biyu na fi haɗuwa da su. Akwai kainuwar da muka sani, mai ganye kamar latas da gashi-gashi a jiki. Sai baƙuwar mai kumburarren wuya da fure ruwan shuɗi, wadda asalinta Kudancin Amurka ne, masana ke kira Eichhornia crassipes. Wannan ta biyun idan ta samu zafi da ruwa mai taki tana ninka kanta cikin kusan mako 2. Ke nan murabba'in mita 1 da aka ƙyale yau zai iya wuce murabba'in mita 60 cikin wata 3.

Ba na fara aiki sai na duba inda iska ke kaɗawa, domin ita ce ke yin rabin aikin. Tsiron ba ya riƙe da ƙasa, yawo yake yi, saboda haka iska kan tara shi a gaɓa ɗaya, kuma a can nake kafa wurin fitarwa. Sai in ɗauki igiyar roba mai kauri, in ɗaura mata jarkoki marasa komai a tazarar mita 1 zuwa 2, in rataya raga mai zurfin kamu biyu a ƙasanta. Ragar nan ba ta da makwafi, don in babu ita tsiron yana bi ta ƙarƙashin igiya ya fice. Mutum ɗaya ya zagaya da bakin igiyar a kwale-kwale ya yanko yanki kamar mita 5 zuwa 10, biyu su ja a hankali daga gaɓa. Idan aka yanko babba igiya ta tsinke, idan aka fizga da ƙarfi tarin ya wargaje, 'ya'yan su watsu, kowanne ya zama sabuwar uwa.

A bakin gaɓa manjagara mai dogayen haƙora ce ke aiki. Nauyin kan ba mutane mamaki, domin kusan kashi 95 cikin 100 na tsiron ruwa ne, kuma inda ya yi kauri murabba'in mita ɗaya kan kai kilo 20. Nakan bar shi ya tsane na yini guda a kan tamfol kafin a ɗora a baro. Daga nan a kai shi can nesa, inda ambaliya ba ta kaiwa, a baza shi ya bushe ƙayau. Tarin da aka bari a gaɓa, ruwan sama na farko zai mayar da shi inda ya fito. Safar hannu da dogon takalmin roba dole ne: kainuwa na sa ƙaiƙayi, macizai na fakewa a ciki, kuma saiwoyinta mazaunin katantanwar da ke yaɗa tsargiya ne a inda cutar take.

Inda na fi jan kunnen masu tafki shi ne batun feshi. Mutum ya ga tafkinsa a rufe, ya fesa magani gaba ɗaya a rana ɗaya, bayan 'yan kwanaki ya tarar da kifi birjik a sama. Sau da yawa ba maganin ne ya kashe su kai tsaye ba. Mataccen ganyen ne ya nutse ya fara ruɓewa, ruɓewar kuma ta shanye iskar oksijin da ke cikin ruwa. Da asuba iskar ta fi ƙaranci, shi ya sa a lokacin nake zuwa dubawa. Idan na ga kifaye sun taso suna buɗe baki a saman ruwa, na san an shiga hatsari, sai a tayar da injin ban ruwa ya riƙa watsa ruwan sama yana faɗowa.

Don haka idan feshi ya zama tilas, ba na wuce kashi ɗaya cikin uku na tafkin, sannan in jira kwana 10 zuwa 14 kafin yanki na gaba. Sai maganin da takardarsa ta nuna an yarda a yi amfani da shi a ruwa, kuma a karanta kwanakin da za a jira kafin shayar da dabbobi ko ban ruwa. Maganin 2,4-D yana kama mai furen shuɗi sosai, amma ba ya yi wa kainuwa mai gashi abin kirki, ga shi ganyenta na zamar da ruwan feshi in ba a haɗa da sinadarin da ke sa magani ya manne ba. Wasu ƙasashen ma sai da izinin hukuma. A ƙaramin tafki ni dai kwashewa na fi so, domin tana fitar da tsiron tare da takin da ya zuƙa, feshi kuwa a cikin ruwan yake barin su.

Bayan ruwa ya yi fes ne ainihin aikin ke farawa. Nakan zagaya gaɓa duk mako da raga mai doguwar ƙota, ina leƙa cikin ciyayi da lungunan da ƙananan tsirrai ke ɓuya. Irin da mai furen shuɗi ke zubarwa na iya shekara 20 a cikin laka da ransa, kuma yakan tsiro ne idan ruwa ya ja baya ya bar taɓo a rana, don haka nakan fi sa ido a wannan lokacin, in kuma yi ƙoƙarin kwashe ta kafin ta yi fure. Mashigar ruwa nakan sa mata raga, koma da kwale-kwalen da suka shiga wani ruwan kuma a wanke su a shanya. Sannan a bi sawun abin da ke ciyar da ita: kashin dabbobi, takin gona da ruwan sama ke wankowa, ruwan bayan gida, ko abincin kifi da ya yi yawa. Barin ciyawa mai faɗin mita 3 zuwa 5 a kewayen tafkin ba tare da an nome ta ba yana tare kaso mai yawa na wannan takin kafin ya isa ruwa.