Inda na kai da tsohon Stihl 070 na Kawu, mako na shida

Assalamu alaikum ƴan uwana masu koyon gyaran ƙananan injuna. Yau mako shida ke nan da na kwance injin yankan iccen da Kawu ya bar mini, kuma har yanzu bai tashi ba, amma ya kusa da yardar Allah. Kwancewar yamma biyu ta ɗauke ni. Sauran kwanakin duk a neman kaya suka tafi, daga babbar kasuwar Maradi zuwa Jiratawa, daga nan waya zuwa Katsina da Kano. Abin da na koyo a wannan yawo shi nake son in ajiye muku, don wanda ya samu irin injin nan kada ya kashe kuɗin da na kashe.

Injin Stihl 070 ne. Kawu ya saye shi lokacin da yake aikin katako a kurmin kudancin Najeriya, ya dawo da shi gida, ya kwana a ɗakin ajiya fiye da shekara goma ƙarƙashin buhunan ƙaiƙayi. A jikinsa an rubuta cewa a Jamus ta Yamma aka ƙera shi, ke nan ya riga shekarar 1990. Samfurin ya fito ne a 1968, ya gaji wani da ake kira Contra na 1959. Girman injinsa sisi (cc) 106 ne, faɗin fistan milimita 58, nauyinsa ya haura kilo 10 tun ba a ɗaura masa sanda da sarƙa ba. Sa'armu da shi ita ce daɗewar da ya yi ana ƙera shi: bayan Turai ta bar shi an ci gaba da kawo shi Afirka, har aka yi masa magaji mai suna MS 720, sannan masana'antun Sin suka kwaikwaye shi ƙusa da ƙusa. Don haka kayansa ba su ɓace ba. Iri uku ne ke yawo: na asali, na Sin, da na gawa, wato wanda aka ciro daga mataccen inji. Wahalar tana wajen sanin wanne ke hannunka, da kuma inda kowanne ya dace.

Abu na farko da ya buɗe mini ido lamba ce. Kowane kayan Stihl na da lamba mai alƙalami goma sha ɗaya, huɗun farko su ke nuna dangin injin. Na 070 suna farawa da 1106. Ku goge ƙarfen da tsumma da ɗan kananzir, za ku gan ta a zube a jikin murfi da sauran manyan sassa. Sai dai ku kula, babban wansa 090 ma 1106 ne, shi kuwa fistan ɗinsa milimita 66. Wani mai shago ya miƙo mini kwali da 1106 ɓaro-ɓaro, ya rantse shi ne. Na ciro tsohon fistan daga aljihu na ɗora a kai, sai ga sabon ya leƙo ta ko'ina. Tun ranar ba na fita neman kaya sai da tsohon a leda da ma'aunin milimita, wanda makanikai ke cewa piye-a-kulis. Aronsa nake yi wajen maƙwabcina mai gyaran babur.

Na biyu, sunaye. Mu nan Maradi bakinmu ya saba da sunayen da suka zo ta Faransanci, kayan kuwa yawanci ta Jibiya da Ɗan Isa suke shigowa. Ka kira ɗan Katsina ka ce buji, sai ya yi shiru. Fulogi ya sani. Bobin ɗinmu kwayil ne a can, karburato kafireta, segima ringi. Wannan ya sa na daina kwatance da baki. Hoto nake ɗauka, kayan a kwance kusa da ma'auni, lambar tana fitowa, in tura ta WhatsApp. In mai shago ya ce akwai, in ce shi ma ya ɗauko mini hoton nasa a kan ma'auni kafin in tura ko dala.

Da na san haka tun farko da ban yi asarar sarƙa ba. A makon farko na sayi sabuwa, mai ita ya ce duk manyan injuna ita suke ci. Na zo gida na ɗora, ta ƙi zama a haƙoran da ke juya ta, tana hawa tana zamewa. Ashe ta 3/8 ce, shi kuwa 070 sarƙar .404 yake ja. Ga yadda ake ganewa: ku auna daga tsakiyar ƙusa ta farko zuwa tsakiyar ta uku. In .404 ce za ku samu milimita 20 da rabi, in 3/8 ce ba ta cika 19 ba. Sannan kaurin ƙafar da ke bin ramin sanda, nawa milimita 1.6 ne, kuma a sarƙar Stihl ta asali ana buga lamba 6 a ƙafar. Sai ku ƙirga ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Sandata mai santimita 90 ƙafa 104 take ɗauka. Magagarin wasa ta kuma mai milimita 5.5 ne, ƙarami yana ɓata bakin haƙori. Mai shagon ya ƙi karɓar kayansa don na riga na buɗe kwali. Tana nan rataye a ƙusa, wanda injinsa ke cin 3/8 ya zo mu daidaita.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya mini a rai, maganar silinda.

Da na cire tukunyar hayaƙi na leƙa ta ƙofar, na ga fistan ya yi zane-zane daga sama har ƙasa. Da na zare silindar, cikinta ta ɓangaren hayaƙi duk farin tabo. Raina ya ɓaci, na ce ta mutu. A kasuwa aka nuna mini sabuwar silinda ta Sin haɗe da fistan da ringi, tana ƙyalli, aka ce in kawo tsohuwar a rage mini wani abu a matsayin ƙarfen kilo. Saura kaɗan in yarda. Allah ya sa kuɗina bai cika ba ranar, washegari kuma ina da zuwa Jiratawa, sai na tafi da ita a buhu na nuna wa wani dattijo da ke gyara wa masu lambu injunan ban-ruwa. Ya yi aikin katako a ƙuruciyarsa, ya san 070 kamar yunwar cikinsa.

Ya karɓa, ya juya ta wajen rana, ya sa farcen babban yatsansa a ciki yana ja a hankali. Ya ja sau uku, sannan ya ɗago.

"Ɗana, wa ya ce maka ta mutu?"

"Baba, ai ga zane nan."

"Kawo hannunka. Farcenka faɗawa yake yi a rami, ko hawa yake yi kan tudu?"

Na ja, na ji hawa yake yi.

"To wannan ƙanzo ne. Fistan ne ya yi zafi ya narke ya manne mata. Ita lafiyarta lau."

Ya bayyana mini cewa cikin silindar an shafe shi da wani ƙarfe mai tauri ƙwarai, wanda sanholon fistan ba ya iya ci. In tabon tudu ne, a goge shi. In rami ne da ya huda shafen, to nan ne ake haƙura. Sannan ya nuna mini tambarin Mahle a gindinta, kamfanin Jamus da ke yi wa Stihl silinda, ya ce in sake shafa bakin ƙofofin da ke ciki. Sumul suke, an dadashe gefensu. Da na koma kasuwa na shafa na waccan sabuwar, bakin ƙofar hayaƙinta na da kaifi har yana kama fata. Irin wannan kaifin ke cafke ringi ya karya shi.

Dare uku na yi ina gogewa da takardar yashi mai laushi da ɗigon mai, da yatsa kawai, ina bin zagayen silindar. Tabon ya riƙa fita baƙi-baƙi a tsumma har cikin ya koma ruwan toka mai sheƙi. Zane ɗaya siriri ya rage, ƙasa da ƙofar hayaƙi, inda ringi ba ya dogara da shi wajen riƙe iska. Na bar shi.

Kada ku ɗauka ina kushe kayan Sin gaba ɗaya. Ba don su ba da injunan nan da yawa sun tafi wajen ƴan gwangwan. Matatar iska, igiyar tayarwa, murfin tanki, takardun zuwan (wato gasket), duk na Sin na sa, kuma sun zauna daidai. Ra'ayina dai shi ne, abin da in ya lalace tsayawa kawai injin zai yi, a sa mai araha. Abin da in ya lalace zai tafi da wani, a nemi mai kyau ko da za a jira. Misali ƴan zobban wayar nan biyu da ke tare ƙusar fistan. Waɗanda suka zo da fistan ɗin da na saya, na matsa ɗaya da yatsa ya lanƙwashe bai dawo ba. In irinsa ya fita injin na gudu, silindar da na yi dare uku a kanta ta gama yawo. Fistan ɗin kansa na riƙe, don na auna shi 58 cif kuma ƙusarsa ba ta girgiza. Zobba da ringi kuwa na sa a nemo mini na kirki a Sabon Gari ta Kano. Ringin da aka samo na Caber ne, ƴan Italiya. Na zura shi shi kaɗai cikin silinda na daidaita shi da kan fistan: tazarar bakinsa ba ta kai rabin milimita ba, tsohon kuwa ya wuce milimita guda. Wajen ɗaurawa ku tuna kibiyar da ke kan fistan ƙofar hayaƙi take kallo.

Karburato bai ba ni wuya ba. Tillotson ne, samfurin HL, kuma jikinsa ƙalau. Fatun robar da ke ciki ne suka bushe suka yi ƙarau kamar ganda. Su kaɗai na canza, tare da allurar mai. An so a sayar mini da sabo dungurungum, na ce a'a. Ƙusoshin H da L masu daidaita shigar mai na mayar da su juyi ɗaya-ɗaya daga rufe, sauran sai ranar da ya tashi a bi da kunne. Wuta ma tana nan: nawa mai bis-pilatin ne, ƴan ƙarafan nan biyu da ke haɗuwa suna rabuwa don a samu tartsatsi, na goge bakinsu na bar tazarar milimita 0.4, buji kuma 0.5, na ja igiya a duhu na ga shuɗin tartsatsi. Roƙona ɗaya, kada ku daki ƙafar fankar, wato faifan da igiyar tayarwa ke juyawa, da guduma don ta fita. Ku je wajen mai walda ya haɗa muku abin zaro ta.

Baba bai bar ni na tafi ba sai da ya yi mini tambayar da ban yi wa kaina ba: me ya narkar da fistan tun farko? Ko an sha mai babu gauraye, ko iska na shiga ta inda bai kamata ba. In ban gano ba, sabon ma haka zai ƙare. Na yanko tsohon tib na babur na toshe ƙofar karburato da ta hayaƙi, na hura iska kaɗan da famfon keke ta ramin buji, kamar rabin bar, na zuba ruwan sabulu a bakin robobin da ke rufe sandar cikin inji, wadda fistan ke juyawa, hagu da dama. Ta ɓangaren sarƙa sai ga kumfa na tasowa ƙanana-ƙanana ba tsayawa. Ga ɓarawon. Shekara da shekaru robar ta bushe ta tsage, tana shigar da iska, mai ya yi ƙaranci, zafi ya hau. Su nake jira yanzu, biyun duka, direban da ke zuwa Kano ya ce ranar Alhamis.

Kafin nan na tanadi mai. Tsofaffin injunan nan, in ba man Stihl na asali gare ka ba, kashi 25 na esansi ne da kashi 1 na man gauraye, wato mililita 40 a lita guda. Sirinji nake aunawa da shi. In ruwa-ruwa za ku saya a bakin hanya, ku bar shi ya kwanta a kwalba mai haske ku duba gindinta, sannan ku tace da ƙyalle.

Wasu sun tambaye ni me zan yanka da shi a garin da icce ke da tsada haka. Tambaya ce mai kyau. Ƙasar Maradi ce ta koya wa duniya sassaɓen zamani tun shekarun 1980, iyayenmu suka bar kututture ya tofo har gonaki suka sake cika da gawo da kalgo, ba ni zan sa wa wannan ƙarfe ba. Dogon yaron da iskar damina ke kayarwa a unguwanni nake nufi, wanda ke kwana uku a kan katangar mutane ana sara da gatari. Shi ma sai na je wajen ma'aikatan gandun daji na ji abin da doka ta ce game da takarda. Kuma ku sani, 070 ba shi da birkin sarƙa irin na injunan yanzu. In kan sanda ya taɓa icce ya yi tsalle, ba abin da zai tsayar da ita. Ba a riƙe shi da riga mai faɗi ko rawani a sake, ba a kuma barin yara a kusa.

Abu ɗaya ya rage da na rasa: murfin gefen sarƙa. Nawa ya tsage daga ramin ƙusa, mai walda ya duba ya ce irin ƙarfen nan ba ya karɓar wutarsa. Na gwada na Sin guda biyu, ramukan sun kauce da kusan milimita biyu. Don haka na gawa nake nema. Wanda ya san inda mataccen 070 yake kwance, ko a Madarunfa, ko Tasawa, ko Gidan Rumji, ko wajen masu icce na Baban Rafi, don Allah ya yi mini magana kafin ƴan gwangwan su riga ni. Ko murfin ya fashe ina son in ga sauran, ya dai duba mini 1106 a jiki.