Godiya bayan walimar Auta, da amsar masu tambayar hoton da ke ƙofar ɗakinta

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki, na nan Kanada da na gida.

Alhamdulillahi, an yi walima lafiya, an tashi lafiya. Ni da mai ɗakina da yara muna miƙa godiya ga duk wanda ya tako ƙafa ya zo, da wanda ya yi aike, da wanda ya bugo waya, da wanda nisa ya hana amma ya sa mu a addu'a daga inda yake. Ga waɗanda labarin bai kai musu ba: Auta ce ta faɗi a filin wasan zamiya kan ƙanƙara tana atisayen tsalle, ƙashin idon sawunta na dama ya tsage. Aka sa mata siminti, ta yi zaman gida, ta yi tafiya da sanduna, aka yi gashi, Allah Ya kawo sauƙi. Ta koma wasa, ta shiga gasar 'yan ajinta ta yankinmu, ta zo ta biyu. Walimar ta samun lafiya ce, ko da yake ita ta fi so a ce ta lambar azurfa ce.

Likitoci da ma'aikatan jinya na asibitin yara, da baiwar Allahn da ta yi mata gashi ba tare da ta gaji da kukanta ba, Allah Ya saka muku. Hajiya maƙwabciyarmu, tuwonki da miyar kuka sun riƙe gidan nan lokacin da ba wanda ke da natsuwar ɗora tukunya. Yaya, da kake fitowa da asuba ka kwashe mana dusar ƙanƙara a ƙofar gida don kada yarinya ta zame da sanduna, mun gani, ko da ba ka so a faɗa. Goggonta ta Katsina, dambun nama ya iso. Inna kuwa, Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Har yau tana kan bakanta cewa da an kawo jikarta gida wajen maɗori da tuni an wuce wajen. Ban yi musu da ita ba, ba kuma zan yi ba.

Sai Malama, mai horar da ita. Ita ma a ƙuruciyarta 'yar gasa ce, ciwon gwiwa ne ya sauke ta, ta koma koyar da yara. Da Auta ta kwanta, Malama ba ta ce sai kin warke mu haɗu ba. Gida take zuwa, ta zauna gefen gado, ta buɗe mata tsofaffin bidiyon gasa, suna kallo tana yi mata bayani: dubi inda ya ɗauki tsallen, dubi hannunsa, dubi yadda ya sauka. Ni kuma ina leƙe ta bayansu har na zama ɗan aji. Daga nan ne hoton Baturen da ke manne a ƙofar ɗakin Auta ya samo asali. Jiya mutane da yawa sun tambaye ni ko wane ne, wani ma ya ce ko likitanta ne. Na yi alƙawarin zan rubuto, to ga shi.

Sunansa Brian Orser. Ba mu taɓa haɗuwa da shi ba, bai san da mu ba. Ɗan wannan lardi namu na Ontario ne, an haife shi a Belleville a 1961, ya tashi a Penetanguishene, wani ƙaramin gari a bakin ruwa arewa da Toronto. Doug Leigh ne ya horar da shi tun yana yaro har ya gama gasa. Ya ci kambun Kanada sau 8 a jere, daga 1981 zuwa 1988. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne tsallen aksel mai juyi uku. Duk sauran tsalle-tsallen wasan da baya ake ɗaukarsu, da baya ake sauka. Aksel kaɗai ake ɗauka ana fuskantar gaba, sai a sauka da baya, don haka akwai ƙarin rabin juyi: mai uku na nufin uku da rabi a iska, a sauka da ƙafa ɗaya a kan kaifin ƙarfe. Orser ne ya fara yin sa a gasar Olamfik, a Sarajevo, 1984.

A wannan gasa shi ya zo na ɗaya a gajeren wasa, shi ya zo na ɗaya a dogon wasa, wato sassa biyu da ake yi da kiɗa da tsalle, amma zinariya ta tafi wajen Scott Hamilton na Amurka. Dalili kuwa, a wancan zamani akwai wani sashe na farko da ake yi ba kiɗa ba tafi. Mai wasa zai zana siffar lamba 8 da ire-irenta a kan ƙanƙara da ƙafa ɗaya, ya sake bin sawun da ya zana, alƙalai su tako su sunkuya su duba ko layi ya hau kan layi, kamar malam na duba allon almajiri. Sashen yana ɗauke da kashi 30 cikin 100 na sakamako. Orser ya zo na bakwai a nan, tazarar ta yi yawa, duk abin da ya yi daga baya bai cike ta ba. A 1990 aka soke sashen daga gasannin duniya. Da Auta ta ji haka cewa ta yi ai an cuce shi. Malama ta ce mata a'a, dokar da kowa ya sani ce kafin a shiga, kuma Hamilton ya fi shi iya zane.

Ya yi ta zuwa na biyu a gasar duniya, 1984 da 1985 da 1986, sai a 1987 a Cincinnati ya ci. Rabon da namiji ɗan Kanada ya ci wannan kambu tun 1963. Shekara ta zagayo, Olamfik ta hunturu ta zo gida, birnin Calgary, 1988. Shi aka ba tutar ƙasa ya riƙe a bikin buɗewa. Ku auna nauyin da ke kansa: Kanada ta karɓi baƙuncin Olamfik ta bazara a Montreal a 1976 ba ta ci zinariya ko ɗaya ba, ga shi an sake zuwa gida, kowa ya zuba masa ido. Abokin hamayyarsa kuma takwaransa ne, Brian Boitano na Amurka, har jaridu suka riƙa kiran karawar da yaƙin takwarori. Boitano ya ɗan fi shi a zane, shi ya fi Boitano a gajeren wasa, aka zo dogon wasa kusan kunnen doki, wanda ya ci shi ke da zinariya. Dukansu biyu da kayan soja suka fito.

Wannan bidiyon mun kalle shi har na haddace. Boitano ya riga shi shiga, ya yi wasa mai tsabta. Orser ya shiga, filin ya cika da ihu. A wani tsalle mai juyi uku saukarsa ba ta zauna ba, ɗaya ƙafar ta taɓa ƙasa. Can kusa da ƙarshe, inda ya shirya aksel mai uku karo na biyu, sai ya yi mai biyu. Bai faɗi ba, wanda bai san wasan ba ma ba zai lura da komai ba. Alƙalai tara ne: biyar suka ba Boitano, huɗu suka ba shi. Da alƙali ɗaya ya sauya ra'ayi da labarin ya sha bamban. Kanada ta gama wannan gasa ma ba zinariya.

Bayan nan ya bar gasa, ya shafe shekaru yana yawon wasannin nishaɗi a kan ƙanƙara, sannan ya zauna yana horar da 'yan wasa a wani kulob a Toronto da ake kira Cricket Club, shi da Tracy Wilson, wadda ita ma ta ci tagulla a Calgary a wasan mutum biyu. A 2006 wata yarinya 'yar Koriya ta Kudu, Kim Yuna, ta zo Toronto don a tsara mata wasa, daga nan ta nemi ya zama kocinta. Ta ci gasar duniya a 2009. A 2010 Olamfik ta sake dawowa Kanada, birnin Vancouver, ta ci zinariya da maki 228.56, makin da ba macen da ta taɓa kaiwa kafin ita. Shekara 22 bayan Calgary ke nan, a ƙasarsa, yana tsaye bayan katangar fili. Abin da ya ba ni dariya, wadda ta zo ta biyu, Mao Asada ta Japan, ta yi aksel mai uku har sau uku a gasar, ɗalibar sarkin aksel kuwa ba ta yi ko ɗaya ba. Bai tilasta mata abin da ya yi suna da shi ba, ya gina ta a kan abin da ta fi iyawa. Watanni kaɗan bayan haka suka rabu, rabuwar da ba ta yi daɗi ba, har jaridu suka ɗauka.

Sai Javier Fernández ɗan Sifaniya, ƙasar da wasan ba shi da wani gata, ya zo wajensa a 2011. Ya ci gasar duniya a 2015 da 2016, ya ci ta Turai sau 7 a jere. Yuzuru Hanyu ɗan Sendai ta Japan ya zo a 2012, ya ci zinariya a Sochi a 2014 yana shekara 19. Abokan hamayya biyu a fili ɗaya, malami ɗaya, a gasa kuwa sai ka ga Orser ya cire rigar Japan ya sa ta Sifaniya. Labarin Hanyu ne ya fi shiga ran Auta, domin a watan Nuwamban 2017 ya faɗi wajen atisaye a Osaka ya ji ciwo a idon sawu, na dama, irin nata. Bai sake shiga wata gasa ba sai Olamfik ta Pyeongchang a Fabrairun 2018, kuma ya ci zinariya, Fernández ya ci tagulla. Tun Dick Button na Amurka a 1948 da 1952 ba namijin da ya ci zinariyar wasan mutum ɗaya sau biyu a jere sai shi.

Ba duk abin da na gani ne ya kwanta min ba, gara in faɗa. A 2014 a Shanghai, Hanyu ya yi karo da Yan Han ɗan ƙasar Sin suna ɗumama jiki, ya ji rauni a kai da haɓa. Aka naɗe masa kai da bandeji ya shiga ya yi wasa, ya faɗi sau biyar, ya zo na biyu. Mutane sun yaba jarumtarsa, wasu kuma sun soki waɗanda suka bar shi. Ni uba ne, ina cikin masu suka. A nan ne ma godiyata ga Malama ta fi ƙarfi. Da aka cire simintin, Auta ta tasa ta gaba da kuka tana son ta koma tsalle, har da kafa hujja da Hanyu. Malama ta ce ba tsalle sai takardar likita ta zo hannunta. Da takardar ta zo ma, zagayen fili ta sa ta, da lanƙwasa, da tsayuwa a ƙafa ɗaya, abubuwan da ake koya wa 'yan ajin farko, ƙawayenta na tsalle a gefe tana kallo. Ta yi fushi, ta daina gaishe ta da fara'a. Malama ko a jikinta. Ranar gasa da aka kira sakamako, tazarar da ke tsakaninta da ta ɗaya ba ta kai maki guda ba. Ta fito idonta ya ciko, Malama ta miƙa mata marfin takalmi ta ce, “Biyar da huɗu.” Sai yarinya ta fashe da dariya. Malama, Allah Ya biya ki, Ya raya miki naki.

Godiya ta musamman ga Anti mai ɗinki, da ta ɗinka kayan gasar: dogon hannu, dogon wando, da ɗankwalin da ke zama daram ba fil ko ɗaya, domin a dokar wasan in wani abu ya faɗo daga jikin mai wasa ana rage maki, ga haɗarin wani ya taka. Masu tambaya ko ana barin mace ta yi gasa kanta a rufe, ana bari. Zahra Lari 'yar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ce ta buɗe wannan ƙofa. A 2012 a Italiya alƙalai sun rage mata maki saboda lulluɓinta, ta bi kadin maganar, daga baya aka daina ragewa.

Iyayen yara na kulob ɗinmu, waɗanda ba yare ɗaya ba addini ɗaya, amma kuka haɗa kati kuka sa hannu, kuka riƙa ɗauko mata aikin makaranta, mun gode. Wasan nan yana cin kuɗi, ba zan ɓoye ba: kuɗin fili, kuɗin malama, wasa ƙarfen takalmi, ga ƙafar yaro ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ba don takalman da ake miƙa wa juna ba da da yawanmu mun ajiye. Masu cewa me ya kai 'yar Katsina kan ƙanƙara, ga shi har ta karye, ku ma mun gode, mun san ƙauna ce ta sa. A garin da ƙanƙara ke rufe ƙasa wata da watanni, yaran unguwa duk can suke, ita ma can ta bi su.

Wanda muka manta ba mu ambata ba ya yafe mana, Allah Ya san da shi. Allah Ya bar zumunci, Ya mai da kowa gidansa lafiya, marasa lafiyarmu na gida da na asibiti Ya ba su sauƙi.

Akwai kuloli da faranti da aka bari, an wanke su suna nan, masu su su zo su ɗauka ko su faɗa a kawo musu. Akwai kuma takalman ƙanƙara da suka yi wa Auta kaɗan, da hular kwano ta 'yan koyo. Duk mai ƙaramin yaro da ke son gwadawa a shirin koya wa 'yan farko na CanSkate ya yi wa mai ɗakina magana, kyauta ne, sai dai a kai ƙarfen a wasa kafin a hau.

Wassalam.