Ayris mai gemu a Legas: abin da ke hana karan furen tsawo

Ayris furen ado ne. A rabe-raben ƙungiyar masu noman ayris ta Amurka, ba a kiran mai gemu "dogo" sai karan furensa ya wuce santimita 70. Nawa da na dasa a tukwane a Agege, zagayen farko ko 30 bai kai ba. Furen ya buɗe a tsakiyar ganye, sai ka sunkuya ka ware ganyen da hannu kafin ka ga gemun, gashin nan mai laushi da ke kwance a kan leɓen furen na ƙasa. Launi ya fito, ƙamshi ya fito, tsawo ne babu.

Abin da ake dasawa gindi ne mai kama da citta, ganyensa na tashi a baje kamar mafici. Kowane gindi sau ɗaya yake fure a rayuwarsa, daga nan sai ya fitar da 'ya'ya a gefe, su ne za su yi na gaba. Tun kafin ka ga alamar kara, watanni da suka wuce an riga an ƙulla furen a cikin gindin. Shi ya sa zuba taki bayan kara ya leƙo gajere ba ya gyara komai. Gindin da aka tumɓuke, aka yi tafiya da shi, saiwarsa ta bushe, a shekararsa ta farko gajeren kara ba abin mamaki ba ne ko a ƙasarsu. Wannan haƙuri ne maganinsa.

Babbar matsalar a nan ita ce sanyi. Tsiron na ƙasashen da ake hunturu na gaske ne, yana so ya huta makonni cikin sanyi kafin ya tashi da ƙarfi. A Legas kuwa ko cikin hunturun Disamba da Janairu, da wuya dare ya sauko ƙasa da digiri 20. Abin da na yi shi ne na tumɓuke manyan gindin a ƙarshen Oktoba, na kakkaɓe ƙasa, na rage ganye zuwa santimita 15, na bar su a inuwa kwana biyu suka sha iska, sannan na sa su a jakar takarda cikin aljihun ƙasa na firji, digiri 4 zuwa 7, har mako takwas. Ba firiza ba, kuma ba a leda ba, don leda na tara gumi. Kada a haɗa su da tuffa ko ayaba, iskar da 'ya'yan itace ke fitarwa idan suna nuna tana lalata ƙullin fure. In kuma wutar unguwarku ba ta zama, aikin banza ne: sanyi yau, zafi gobe, gindin ruɗewa yake yi. Wasu nawa haka suka fito a kumbure, ganye gajere a cukuikuye kamar kan abarba, saiwa kaɗan, fure a manne da ƙasa. Waɗannan na zubar, na riƙe 'ya'yansu.

Dashi kuma sama-sama ake yi. Na fara binne su kamar dankali, kuskure ne. A yi ɗan tudu a tsakiyar tukunya, a ɗora gindin, a baje saiwa ta gangara gefe, a rufe saiwar kawai, bayan gindin ya kasance a waje rana na dukansa. Tukunya mai faɗin santimita 30 gindi ɗaya. Ƙasar da ta yi mini aiki: kashi biyu yashin gini mai kaushi da aka wanke, kashi ɗaya ƙasar lambu, kashi ɗaya taki da ya ruɓe sarai, da gawayi a ƙasan tukunya. Rana aƙalla awa shida, ta safe ta fi.

Taki ma ya cuce ni. NPK 15-15-15 da yuriya da muka saba sa wa masara suna sa ganye ya yi kore shar, amma gindin ya yi laushi, kara ya rasa ƙwari. Yanzu cokali ɗaya na takin sufa ko garin ƙashi nake gaurayawa da ƙasa lokacin dashi, shi ke nan.

Sai ruwa, nan ne na daɗe ban gane ba. Tsoron ruɓa ya sa nake matse musu ruwa, alhali lokacin da kara ke miƙewa ne suka fi buƙatarsa. Ƙishi a waɗannan makonni, ga zafin rana yana gaggauta furen ya buɗe, sai karan ya tsaya inda ya kai. Daga ranar da na ji kumburi a tsakiyar maficin, ina ba da ruwa da safe duk sanda yatsa ya ji saman ƙasar ya bushe, a bakin tukunya, ba a kan gindin ba. Da haka na samu kara ya haura santimita 50. Saba'in ɗin dai ban taɓa gani a gidana ba, ina ganin wannan sai wuri mai tsayi irin Jos.

Ruwan Yuni shi ke kashe su. Ina janye tukwanen ƙarƙashin rumfa tun watan Afrilu. In ganye ya yi rawaya daga ƙasa, ka ja ya taho, ga wari kamar ruɓaɓɓen albasa, to ƙwayar cuta ta shiga. A kankare wurin da cokali har sai an taɓo farin nama mai tauri, a tsoma a ruwan bilic, kashi ɗaya cikin kashi tara na ruwa, a shanya a rana wuni guda, a sake dasawa a sabuwar ƙasa. Wanda ke son siffar furen kawai ba tare da wahalar firji ba, dangin ayris ɗin da ake kira Dietes da Neomarica suna fure a Legas ba tare da wani sanyi ba, sai dai su ba su da gemu.